Ladan Kuturu

A Kutaisi, daren Laraba,
sama da kantin Nugzar mai gyaran takalma,
tebur shida, agogo biyar,
kogin Rioni yana ta surutu ta taga.
Gasar unguwa ce. Kyautarta ƙullin cuku
da suna a jikin allon ƙofa.

Ni mai gasa burodi ne, gari bai bar farcena ba.
Ita Tsiala, shekara talatin tana yankan tikiti
a keken da ke tsallaka kogi bisa waya.
Ta zauna, ta goge tabarau da gefen mayafi.

Taku na biyu kacal
ta turo dakaren da ke tsaron kunnen sarkinta,
ta bar shi a bakin takobina
kamar an mance jaka a tasha.

Na san banza ba ta kai zomo kasuwa.
Na sani. Na ci.
Na jefa shi aljihun riga, kusa da makullin tanda.

Sarauniyata ta fita da gudu, ta daka wa sarkinta tsawa.
Ya gusa taku ɗaya, ko a jikinsa,
kamar dattijon da mota ta fesa wa ruwa.
Sai dokinta ya taso.
Kora, kora, wata korar,
sarauniyata na yawon neman inuwa
mutanena kuwa na barci a layin baya,
ko takalmi ba su sa ba.

A nan garin, mai tafiya a karkace
kunkuru muke kiransa.
Ban taɓa ganin kunkuru mai sauri irin nata ba.
Tun taku na uku yake leƙen ƙofata,
ni ina can ina lissafin ribar dakare guda.

Nugzar ya bar shayinsa ya huce.
Wani yaro ya ce, "Kash," aka toshe masa baki.
Wanda ya ci ladan kuturu, ai sai aski.

Taku na sha tara na kwantar da sarki.
Ta miƙo hannu, sanyi ƙalau.
"Mijina bai taɓa karɓa ba," in ji ta,
"shekara arba'in ina miƙa masa."

Sai da asuba, ina cuɗa ƙullu,
na ji wani abu yana sukar ƙirjina.
Dakarenta ne, fari, kansa ya ɗan gutsure.
Laraba mai zuwa zan mayar.
In ta sake miƙowa kuma,
wallahi ban yi alkawari ba.