Lissafin Ganye a Arkilla

Shekara arba'in na yi da jar fata,
karan dafi ya zauna mini a ƙarƙashin farce,
har yau bai tashi ba.
Da hannu ya soma rawa, basilla ta ƙi ni,
sai na koma bayan gida wajen tukwane.

Nomau ne ya jawo mini.
Ya kai albasa Kalaba, ya dawo da mota wayam,
sai kara uku a cikin jiƙaƙƙen buhu.
Ya ce, "Baba, can shinge suke yi da shi,
kodilin suke ce masa."
Da takarda ɗaure a wuyan kowanne,
ruwan hanya ya cinye rubutun tun Lakwaja.

Abin da ya zo ba suna, mai gida ke raɗa masa,
ba rago, ba wanzami.
Mai duhun nan, wanda jansa ya nuna har ya nemi baƙi,
na ce masa Kube.
Mai gefe ruwan hoda kamar an bi shi da zare,
Bakin Alabe.
Na ukun, kore da ratsin madara da ɗigon ja,
kwana tara ina zagaya shi
kafin na tuna tabon warkina
ranar da tukunyar rini ta kife.
Na ce masa Ɓari.

Ranar Sakkwato ba ta san baƙo ba.
Da bazara bakin ganye ya ƙone kamar gefen masa.
Na ɗora asabari a kan rumfa,
ina sayen jarka huɗu wurin ɗan garuwa,
uku nasu, ɗaya ta alwala.
Ruwan ma sai ya kwana a randa, ya huce.

Duk direban da zai yi kudu, ina da saƙo.
Daga Fatakwal, mai siriri kamar tsirkiya.
Daga Jos, mai faɗi kamar harshen sa.
Na buɗe tsohon littafin bashi,
bayan shafin waɗanda ba za su biya ba,
ina rubuta faɗin ganye da yatsu, launin jijiya,
yadda toho ke fitowa, yadda yake tsufa.
Iri goma sha bakwai.
Ko mai karɓar kuɗin wuta sai da ya ji adadin.

Sai ga Tumba, jikata mai karatun tsirrai, ta zo hutu.
Ta leƙa bayan ganye, ta shafa kara,
ta tsaya tsakanin Garwashi da Hantar Rago.
"Kaka, waɗannan ai ɗaya ne."
Na ce, ke, ni da ja
mun san juna tun ba a haifi ubanki ba.
Wannan ja ne mai ihu, wancan ja ne mai tunani.
Ta ce, "Ina ka samo na biyun?"

Na juya shafi. Na sake juyawa.
Ga shi da rubutuna:
daminar bara waccan iska ta karya Garwashi,
na dasa guntun a gindin mangwaro.
Ɗaya na shan hantsi, ɗaya na shan inuwa.
Ni na raba su, na manta,
na yi wa ɗan gida sunan baƙo.

Muka bi layi har la'asar sakaliya,
sha bakwai ta koma sha ɗaya.
Ta miƙo biro in soke sauran.
Na riƙe shi riƙon basilla,
na tuna fata guda, tukunya guda,
wuya ya sha rini daban, ciki daban,
kuma ban taɓa sayar da su kuɗi ɗaya ba.

Ban soke ba.
Na ja layi a tsakiyar shafi,
dama lissafinta, hagu nawa.

Da ta tafi, na ciccibi Hantar Rago da tukunyarsa,
bayana na ƙara,
na ajiye shi inda hantsi ke faɗowa
don in gani da idona.
Yau kwana goma sha biyu.
Sabon tohon na nan a naɗe, bai ce komai ba tukuna.