Shafi na Tamanin da Uku

A Taminus na tsaya sayen tsire,
sanyin Jos ya hana ni zare hannu daga aljihu.
Ɗanlami ya yago takarda ya naɗe mini,
sai na ga rubutuna.

Shafi na tamanin da uku:
daren da Ranka-ya-daɗe ya kori mai jakar kuɗi.
Ni na ƙago daren nan
a ɗakin otal, kan dubu ɗari biyu,
rabi har yau ana "zo gobe".

Ranar ƙaddamarwa a Abuja
wani ya sayi kwafi ɗaya miliyan goma,
bai ko ɓare ledar ba.

Yanzu maiƙo ya ratsa "amana",
yaji ya zauna kan "talakawa".
Na cinye, na lashe yatsa.
Yau dai littafin ya ciyar da wani.