Kuɗin Tsoro

Cima ta aiko da tikiti daga ƙasar Faransa.
Ta ce, Baba, kwana takwas a kan teku,
jirgin ruwa mai hawa goma sha biyu,
da ɗakin barci, da wurin wanka a samansa.
Ni da na tsufa a Birni
ina auna buta kafin in yi alwala,
ni da babban ruwan da na sani
shi ne tafkin Gidimuni, shi ma daga baki.

Sai ta ce, saura inshora,
jika arba'in da biyar.
Wannan kai za ka yanke, ban sa baki ba.

Na kai takardar gindin dutse
inda muke zama bayan la'asar.
Kyari tela ya juya ta, ya sake juyawa,
ya ce, Kuɗin tunkiya ne sukutum.
Sayi tunkiya, ka bar teku ga Mai teku.
Wanda kwanansa ya ƙare
ko ruwan kasko sai ya ci shi.
Lawali, da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Agadas,
bai ɗago daga shayinsa ba:
Ban taɓa fita ba tayar ajiya ba,
kuma ba wanda ya ce na raina Allah.

Da dare na sa tabarau.
Shekara talatin da ɗaya a gidan waya
sun koya mini inda gaskiya ke kwana:
can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe.

In jaka ta ɓata, za su biya.
Me ke cikin jakata? Riga biyu, hula, ƙullin kilishi.
In jirgi ya tashi ya bar ni a wata gaɓa,
za su kai ni in cim masa.
In na karye a matakala, nasu ne.
Amma hawan jinin da na zo da shi daga gida,
wannan, in ji su, nawa ne.
Na yi dariya ni kaɗai.
Mai laima ya sayar maka da laima
ya ce ban da ranar da hadari ya taso daga gabas.

Har na ninke ta.
Sai idona ya faɗa shafi na huɗu:
in rai ya yi halinsa,
za su maido mutum gida.

Kakana ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma
da salka guda da ba a kwance bakinta.
Sau tara ya dawo da ita cike,
ya juye ta a gindin tsamiya,
ba a taɓa ce masa ya yi asara ba.
Ƙanensa Mato bai dawo ba.
Uwarsu ta mutu
ba ta da wurin da za ta nuna da yatsa.

Gaptiya na kwance bayan gari shekara shida,
akwai fili a gefenta, na sha auna shi da ido.
Ba na son Cima ta tsaya cikin sanyin wata ƙasa
tana buga waya gida-gida
tana haɗa kuɗin akwatina.

Da safe na bi ta Kasuwar Dole, na biya.
Yaron ya buga hatimi bai ko dube ni ba.
Kyari ya ce, To, me ka saya?
Na ce, Hanyar dawowa.
Ya ce, In ka dawo da ƙafarka fa?
Na ce, Sun ci kuɗina ke nan,
kuma ita ce asarar da nake roƙo
a kowace sujada.

Yanzu ga mai ruwa a ƙofa, jarka biyu,
ya ji labari, ya ajiye kurarsa.
Baba, wai da gaske ne
duk ruwan nan da za ka je ka kwana a kai
ba mai iya shan ko kurɓi ɗaya?