Kwalba ta Arba'in da Bakwai

Da hantsi muka sauka bayan firamare,
ni da Hansatu mai rajista,
da akwatin ƙanƙara, da kwalabe ɗari da ashirin,
kowacce da lamba, babu mai suna.
Haka dokar aikin take:
fitsari ba ya shiga Daura da sunan ubansa.

Yara suka yi layi a gindin bedi,
ana ƙyalƙyala, ana ɓoye kwalba cikin riga.
Ɗaya ya ɗaga tasa ya haska a rana,
ja kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa,
ya zunguri na bayansa: "Ka gani? Na girma."

Na sunkuyar da kai.
Ni ma na faɗi haka, shekara talatin baya,
lokacin bedin nan bai fi katanga ba.
A wurinmu tsargiya gemu ce,
wanda bai ga jini ba yaro ne tukuna.

Tafkin yana nan inda na bar shi,
bayan gonar Sallau, kwance kamar bai san komai ba.
Mata na wanki, shanu na sha.
Na shiga da takalmin roba har gwiwa,
ina tsintar katantanwa da hantsaki,
'yan ƙanana, ba su kai ƙwayar wake ba.
Wani tsoho ya ja linzamin jakinsa:
"Ɗan Barmo, abin da boko ya koya maka ke nan?"
Na ce, "Baba, ɓarawon a cikinta yake kwana."
Ya yi dariya har da tari, ya wuce.

Dare a ɗakin gwaji. An ɗauke wuta,
janareta na gunaguni a bayan taga.
Na tace, na ɗiga a gilashi, na kafa ido a madubi.
Ga su nan, ƙwayaye masu ƙaya ɗaya a gindi,
kamar 'ya'yan kabewa da aka baza a faranti.
Ina ƙirga, Hansatu na rubutawa.
Sha biyu, babu.
Ashirin da tara, takwas.
Arba'in da bakwai,
na wuce hamsin, bakina ya bushe.

Doka ta ce ban san shi ba.
Amma da hannuna na miƙa masa kwalbar,
na ga tabon da ke goshinsa,
na ranar da ya suɓuce daga kafaɗata a gona.
Lawandi ne, ɗan ƙanwata Tasalla.
An ce lamba ba ta da kawu.
Wannan tana da shi, ga shi zaune yana ƙirga.

Ranar Laraba muka koma da sandar awo
da ƙwayoyi farare masu ɗaci.
A ci tuwo tukuna, a tsaya a jikin sanda,
tsawonka shi ke faɗin rabonka.
Ya haɗiye biyu yana yamutsa fuska.

Tasalla ta tare ni a bakin zaure,
hannunta duk kumfar sabulu.
"Yaya, na ji. Kada ya ƙara shiga tafki.
To, famfonmu shekara biyu ko tari ba ya yi.
A ina zan wanke masa wandon?"

Na buɗe takarduna.
Akwai gurbin shekaru, akwai na aji,
akwai na yawan ƙwai.
Babu gurbin tambayarta.
Na rubuta ta a gefen shafi, da jan biro,
inda mai dubawa ba zai iya tsallake ta ba.

Bayan wata shida za mu dawo da sababbin kwalabe.
Direba ya tada mota, zafi kamar bakin murhu.
Daga bayan gonar Sallau na ji fanjam,
sannan ihun murna.
Hansatu ta dube ni. Ban waiwaya ba.
Na san muryar.