Tasa'in da Takwas

A cikin murfin tankinta akwai 'yar takarda
da maƙeranta suka manna, can ƙasar sanyi:
tasa'in da takwas.
A ƙasa, da ƙananan baƙi, tasa'in da biyar,
wato in ta kama dole.

Ja ce, gajeren baya, faɗin taya,
ta shigo ta Kwatano da ƙamshin gidan wani a kujerunta.
Filina na Rigasa na sayar a kanta.
Ban gaya wa Inna ba sai da aka ɗaura lamba.

Gidan man farko, kan titin Kachiya,
na sauke gilashi na ce wa mai famfo,
"Na tasa'in da takwas za ki zuba."
Ta dube ni, ta dubi motar.
"Na naira tasa'in da takwas?"
Kyauta sunanta, yana rubuce a rigarta.
Ta ce, "Yallaɓai, bakin famfo shida gare mu,
duk rijiya ɗaya suke sha."

Sati uku lafiya lau.
Ran nan da azahar, kwalta na tururi,
ina hawan gadar Kawo a giya ta huɗu
na danna totur,
sai na ji ta:
ƙas-ƙas-ƙas,
kamar tsakuwa a gwangwanin madara.
Na kashe rediyo. Tana nan.
Gabana ya faɗi da nauyin fili guda.

Sallau na Panteka bai taɓa sifana ba.
Murfin tanki ya buɗe, ya shinshina,
ya goge hanci da bayan hannu.
Ya ce, "Kana zaton lambar nan ƙarfi take aunawa?
Haƙuri take aunawa.
Fistin zai matse mai, ya matse, ya ƙara matsewa,
mai haƙuri ya jira fulogi ya ce masa tashi.
Naka riga malam masallaci yake yi,
ya kama da wuta tun ba a kira shi ba,
su yi karo da fistin a bakin ƙofa.
Karon nan kake ji.
Tsohuwar tasi ba ruwanta, matsinta kaɗan,
abin da ka ba ta shi za ta haɗiye.
Taka 'yar gata ce,
namu kuwa, in an yi sa'a, tasa'in da ɗaya."

Na ce, to kwalaben nan na layin 'yan sifiya,
masu hoton wuta a jiki?
Ya yi dariya har da tari.
"Akwai na gaske, kuɗin cefanen kwana uku.
Akwai kananzir da ya sha kala.
Kawo in shinshina kafin ka zuba."

Sauran ya faɗa yana wanke hannu da fetur:
kar in sha na galan ko layi ya kai Mando,
kar in tsaya inda tanka ke juye kaya,
lokacin dauɗar rijiya ke tasowa.
In rana ta yi zafi in sauke giya,
in ɗaga ƙafa.
Na ce, ƙafar ai don ita na saya.
Bai amsa ba, ya miƙo makulli.

Da dare na zaga ta wajen matata,
na tsaya, injin na huci a hankali.
Ga bututu, ga tankuna, garinmu ne,
ni kuma maki bakwai nake nema
kamar ɗalibin da sakamako ya riƙe.

Yanzu kwalba ɗaya duk cikon tanki,
gidan mai ɗaya, famfon Kyauta.
Agogon gudu ya rubuta ɗari biyu da sittin,
allurar ba ta san hanyar can ba.

Juma'ar da ta wuce na ɗauki Inna zuwa Tudun Wada.
Wani mai keke-napep ya wuce mu yana hon.
Ta shafa kujera, ta ce, "Wannan ce ta ci filin?"
Na ce ita ce.
Ta yi shiru har shataletale.
"To, tana da natsuwa dai," in ji ta,
"ba kamar mai ita ba."