Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

A hawa na uku, unguwar Safa, Jidda,
kekuna sha takwas sun yi sahu a ɗaki guda,
ba ƙararrawa, ba wurin ɗaura kaya,
taya ɗaya tak, ita ma ba ta taɓa ƙasa.

Likita ne ya aiko ni.
Wai sukari ya tare a jinina
kamar ɗan haya mai taurin bashi.
Na zo da gorar ruwa, da tawul, da kunya.

Ikhlas 'yar Madani ta rage haske,
ta ce, "Yalla, ga tudu nan!"
Wane tudu? Madubi ne gabanmu.
Na dai murɗa jan maɓallin,
sai ga tudun ya iso ta cikin cinyoyina.

Kusa da ni Uwani iska take murɗawa,
hannu na juyi, maɓalli bai motsa ba.
Na gan ta, ta ga na gan ta.
Dariya ta kusa kayar da mu.

Can wajen minti talatin hira ta mutu.
Balarabiya, 'yar Filifin, da ni jikar Kanawa,
haki ɗaya muke yi.
Ba wadda ta wuce wata,
ba wadda aka bari a baya.

Allo ya ce kilomita sha huɗu.
Da titi ne, da na sha iskar teku.
Na sauko da ƙafafu kamar na aro,
abayata na rataye inda na bar ta.

Uwani ta ce, "Laraba?"
Na ce, "In za ki murɗa."