Littafin Bashin Baba

Washegarin sadakar arba'in
na ɗauki mabuɗin rumfarmu ta Ƙofar Wambai.
Ƙyauren ya yi ƙara, kamar mai yi mini gaisuwa.
Warin bagaruwa na nan inda ya bar shi,
basilla a soke jikin kirgi,
takalmi ƙafar dama, an gama shi tsaf,
yana jiran ɗan'uwa.

Ni kuwa na dawo da kwalin jami'a,
kaina cike da riba da faɗuwa.
Na ce a sayar da rumfar,
a zuba kuɗin a atamfa a Kwari,
dukanci ya tsufa, roba ta kashe kasuwa.

A ƙarƙashin buzu na tsinci littafin.
Bangon jar fata, ɗinkin hannunsa,
ciki ajami, tawada ta fara dusashewa.
"Inuwa mai shayi, takalman salla ƙafa biyu."
An ja layi a kai.
"Goshi, matar marigayi Sha'aibu,
jakar makaranta ta yara uku."
Layi.
"Ɗanlami na Majema, fata goma, jari."
Layi, har alƙalamin ya huda takarda.
Babu inda aka rubuta an biya.

Shafi sittin da huɗu na buga a waya.
Abin da ya fito ya sayi gida a Gwammaja,
mu da muka girma ɗaki na yoyo,
Inna na jera kwanoni in hadari ya haɗu.
Na zauna a kan turmin dukan fata
na yi fushi da wanda ba zai iya ba ni amsa ba.

Da hantsi sai ga inuwa a bakin ƙofa.
Wani dattijo, hannuwansa rine har gwiwa,
samari huɗu a bayansa, kowa da ƙunshi a ka.
Ya ce, "Ke ce 'yar Tanimu?
Fata goma ya ba ni shekarar da gobara ta cinye mu.
Na kawo kuɗi sau uku, ya ce bai san zancen ba.
Ga ɗari. Ke ma ban san zancen ba."
Ya juya kafin in sami bakin godiya.

Ɗan Goshi na tsakiya ya zo ran Laraba,
ya shimfiɗa takalman a kan farin ƙyalle,
ya ɗau hoto ta sama, ta gefe,
kafin la'asar wata mata a Yamai
tana tambayar ko akwai lamba arba'in.
Inuwa kuwa ba ya magana.
Kofi ɗaya kullum a kan dakali,
in na miƙa kuɗi sai ya kurumce.

Ashe gidan da nake nema an gina shi,
ba a Gwammaja ba,
tubalinsa na yawo da ƙafa a cikin gari.

Ƙafar hagun nan ni na ƙarasa ta.
Ɗinkin ya karkace wajen dunduniya,
babban yatsana ya sha basilla,
na rataye su biyun, ba na sayarwa ba ne.

Yanzu yara shida ke yanka, biyu mata,
kowa da albashinsa ranar Alhamis,
lissafi kuwa ba na wasa da shi,
Baba ya yafe mini, a nan mun sha bamban.

Amma jiya wata yarinya ta tsaya,
silifas ɗinta ɗaure da waya,
ta ce kakarta za ta aiko in an sayar da ƙuli.
Na buɗe shafi na sittin da biyar,
na rubuta sunanta da boko: Uwale.
Alƙalamin na hannuna har aka kira magariba.
Ban ja layin ba tukuna.
Hannu ne, yana koyo.